Abin da Na'ura ta Kwaso da Dare: Nasiha ga Ƙannena Masu Farautar Tashoshi

 Mu Hausawa ba baƙin rediyo ba ne. Tun da BBC ta buɗe Sashen Hausa a 1957, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, iyayenmu suka saba da murɗa akwati suna laluben mita 19 ko 25 ko 31, a majalisa, a gona, a bakin kasuwa. Sai dai su labarai suke nema. Mu masu farautar tashoshin nesa kuwa tashar ce kanta abin nemanmu: ƴar muryar nan da aka watsa don mutanen wani gari can bayan teku, ba don mu ba, amma dare ya ɗauko ta ya ajiye mana a ɗaki. Masu wannan sha'awa a duniya suna kiranta DX, daga tsohuwar alamar masu buga waya da ke nufin nisa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kwanan baya wani yaro mai hazaƙa ya zo gaishe ni, ya buɗe kwamfutarsa yana nuna mini faifan ajiya cike maƙil da abin da ya naɗa a darare kusan ashirin. Fuskarsa sai annuri. Na ce masa, “Madalla, ɗana. A ciki dare nawa ka zauna ka saurara?” Ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, domin ramin da ya faɗa na riga shi faɗawa, kuma na fi shi jin jiki.

Ku fara sanin dalilin da ya sa aikinmu na dare ne. Can sama, tsakanin kilomita 60 zuwa 90, akwai wata shimfiɗar iska da hasken rana ke cajawa, masana suna ce mata D. Da rana ita ke shanye siginar matsakaicin zango, shi ya sa da azahar ba ka jin komai sai tashoshin kusa. Rana na faɗuwa sai ta baje, siginar ta samu hanya ta haura zuwa shimfiɗun da ke samanta, su kuma su maido da ita ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwa ko dubban kilomita. Sharaɗin dai shi ne duhu ya rufe hanyar tun daga tashar har zuwa eriyarka. A watan Disamba rana ba ta faɗuwa a New York sai wajen ƙarfe goma da rabi na dare agogon Najeriya da Nijar, don haka wanda ke kwaɗayin jin Amurka, sama da kilomita 8,000 daga Kano, ba shi da rabo sai daga nan zuwa fitowar rana, kuma sau da yawa mafi daɗin lokacin shi ne daf da wayewar gari. Wa zai iya zaman wannan jira kullum, ga makaranta, ga kasuwa, ga iyali? Shi ya sa ake barin na'ura ta yi gadi.

A zamaninmu kaset muke sakawa. C90 minti 45 yake ci a kowane gefe, tasha ɗaya tak yake ɗauka, in ya ƙare ya ƙare. Ƙarancin nan ya yi mana tarbiyya ba mu sani ba, domin duk abin da ka naɗa da dare kana iya saurarensa kafin ka gama karin kumallo. Ku kuwa kun zo a zamanin rediyon kwamfuta, wanda ake kira SDR, ɗan ƙaramin akwati, irin su Perseus ƙirar Italiya da SDRplay. Wannan ba tasha ɗaya yake ɗauka ba. Zangon gaba ɗaya yake kwashewa ya zuba a fayil, ta yadda gobe za ka iya komawa ƙarfe uku na daren jiya ka yi ta murɗawa daga tasha zuwa tasha kamar a lokacin kake zaune. Ranar da na fara ganin haka na daɗe ban ce uffan ba.

To amma ku zo mu yi lissafi, don a nan gizo ke saƙar. A wani saiti da ake yawan amfani da shi, na'urar tana zuba megabait 8 a kowace daƙiƙa. Awa ɗaya kusan gigabait 29 ke nan, daren awa takwas kuwa wajen 230. Faifan terabait ɗaya dare huɗu zai yi ya cika. Wannan ma mai sauƙi ne, tunda kuɗi na iya sayo wani faifan. Abin da kuɗi ba sa sayowa shi ne kunne da lokaci. A ɓangarenmu na duniya matsakaicin zango ya tashi daga kilohaz 531 zuwa 1602, tsakanin kowace mita da ta kusa da ita kilohaz 9, wato gurbi 120. Idan ka ce sai ka saurari kowane gurbi na daren awa takwas, awa 960 ke gabanka: kwana arba'in cur, ba barci, ba salla, ba cin abinci, a kan dare ɗaya. Manomi ya san yankan gero daban, sussuka daban. Wanda ya yi ta jibga dami a rumbu bai taɓa sussukawa ba, bai san ko tsaba ya tara ko ƙaiƙayi ba, kuma gara ba ta jiransa.

Ni tawa garar zafin bazara ce. Wani hunturu na shafe kusan wata uku ina naɗa, ina cewa sai na samu hutu zan zauna in bi su ɗaya bayan ɗaya. Hutun bai zo ba. A watan Afrilu, cikin ɗakin da rufin kwano ya mayar kamar tanda, faifan ya fara wani ƙas-ƙas, washegari kwamfuta ta daina ganinsa. Mai gyara ya jujjuya shi ya ce in yi haƙuri. Ba kuɗin faifan ne ya dame ni ba. Har yau ban san abin da ke cikin dararen nan ba, kuma hunturun bana ba zai maimaita na bara ba, domin sararin sama ba ya yin dare biyu iri ɗaya.

Daga nan na ɗaukar wa kaina ƙa'ida, ita ce kuma nake so ku riƙe: kada ka kunna na'ura sai kana da tambayar da kake so daren ya amsa maka. “Bari in ga abin da zai faɗo” ba tambaya ba ce. Tambaya ita ce, shin Muritaniya za ta fito a 783 bayan tsakar dare? Shin akwai wata murya a ƙarƙashin tashar Yamai, kusa da 1125? Wace tasha ce nake jin Larabcinta a wuri kaza tun shekaranjiya? Mai tambaya ya san inda zai dosa da safe. Marar tambaya yana buɗe fayil ya ga teku, sai gabansa ya faɗi ya rufe, ya ce sai gobe.

Kuma ba dole ne a naɗi daren duka ba. Manhajojin nan suna da wurin tsara lokaci, su kunna kansu su kashe kansu. Tashoshi sun fi faɗin sunansu a kan cikar awa. A Amurka ma doka ce ta wajabta wa kowace tasha ta ambaci harufan sunanta da garinta kusa da cikar kowace awa. Saboda haka ka saita ta fara saura minti uku, ta tsaya bayan awa ta gota da minti biyar. Minti takwas ke nan, bai kai gigabait 4 ba, daren duka wajen 31 maimakon 230. Sai ka bar ta ta yi doguwar ɗauka sau ɗaya kawai, daga kiran assalatu zuwa fitowar rana. In kuwa gabas ka sa a gaba, ka tuna agogon Indiya da na Iran sun saɓa da namu da rabin awa, cikar awarsu a kan “da rabi” take faɗowa a wurinmu. Wanda bai da SDR kada ya karaya. Ƙaramin rediyo mai kyau da wayar hannu ko ɗan rikoda sun isa a tsare mita ɗaya har safe, a fayil ɗin da bai fi megabait ɗari biyu ko uku ba. Sau da yawa irin wannan mutum ya fi mai manyan kaya sanin abin da ya ji.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka kwanta, duba agogon kwamfutarka ka daidaita shi, domin kuskuren minti biyu ya isa ya sa na'ura ta kashe kanta ana daf da faɗin sunan tasha. Duk rubutunka kuma ya kasance da agogon GMT, wanda kuka saba ji a BBC, shi ne harshen da masu wannan harka ke fahimtar juna da shi a ko'ina. Ƴan'uwanmu na Gana sun huta, agogonsu ne. Mu na Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi sai mu cire awa ɗaya, na Sudan su cire biyu. Ga tarkon da ke kama kusan kowa: abin da ka ji ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare a Kano ko Damagaram, a agogon GMT 23:30 ne na jiya, ba na yau ba. Kwanan wata ɗaya da ka kuskure ya isa tasha ta duba jadawalinta ta ce ba ita ka ji ba. Sunan fayil ma ka fara shi da shekara, sai wata, sai rana, sai lokaci, sai mita, kamar 20241214-0458-740. Haka kwamfuta za ta jera maka su da kanta. Sunaye irin su “sabo” da “na jiya mai kyau” bayan wata biyu ba za su gaya maka komai ba.

Sai maganar ƙara, wadda a garuruwanmu ita ce babbar abokiyar gaba. Inbata, na'urar cajin sola, cajar waya mai arha, ƙwan fitila na zamani, duk suna fesa wani zuuu da ke binne raunanan tashoshi. Sau da yawa lokacin da aka ɗauke wuta a unguwa, kafin maƙwabta su tada janareta, shi ne zangon ke yin tsit har ka ji abin da ba ka taɓa ji ba. Don haka in da hali ka gudanar da kayanka a kan batir, ka nisanta eriya daga wayoyin gida, ka yi gwajin minti ɗaya ka saurara kafin ka tafi barci. Da damina tsawa tana cika zangon da tartsatsi ko da hadarin yana can wata ƙasa, kuma doguwar waya a sama cikin hadari haɗari ce ga rai: ka cire ta daga na'ura, kada kuma ka taɓa ratsa ta kusa da wayar wutar lantarki. Kakarmu ita ce hunturu. Dare ya yi tsawo, tsawa ta yi nisa, sai dai ka rufe kayanka saboda ƙura.

Yanzu bari in nuna muku yadda nake bita, don nan ne ainihin sana'ar take. In na dawo daga masallaci, gari bai gama wayewa ba, sai in zauna da kofin shayi, da littafina mai bangon kwali, da biro. Ba na fara da kunne, da ido nake farawa. Manhajar tana zana zangon a fuskar kwamfuta, kowace tasha ta fito kamar zare a tsaye, mai ƙarfi da kauri, mai rauni siriri kamar gashi. Tashoshin nahiyar Amurka tazarar kilohaz 10 suke bi, mu muna bin 9, don haka zarensu yakan faɗo a tsakanin namu: 740 kusa da 738, 1130 tsakanin 1125 da 1134. Ba sa haɗuwa sai a wurare irin su 540 da 630 da 720, duk bayan kilohaz 90. In na duba ban ga ko zare ɗaya a waɗannan tsakankanin ba, na san teku ba ta buɗe ba a daren, sai in wuce ba tare da ɓata awa guda ba. In kuwa na gansu, sai in sa iyafis a kunnuwa biyu, in ƙuntata faɗin abin da nake saurare, in karkata zuwa gefen da ya fi nisa da tashar da ke danne shi.

Haka na yi wata safiya a kan 740. Da farko shuuu kawai, da wani siririn fito da ke tasowa saboda kusancinta da 738. Can sai murya ta ɗago kamar mai fitowa daga rijiya, namiji, yana magana da sauri cikin harshen Fotugis, da irin zumuɗin masu sharhin ƙwallo. Ta yi kamar daƙiƙa ashirin ta nutse. Na mayar baya na sake ji, na sake, har shayin ya huce. Littafin tashoshin duniya da ake kira WRTH, wanda ake bugawa tun 1947, ya nuna akwai Rádio Sociedade da Bahia a birnin Salvador na Brazil a kan wannan mita, kusan kilomita 6,000 daga inda nake zaune. Hannuna har rawa yake don son in rubuta sunan. Amma ban ji sunan ba, kuma ba ita kaɗai ce tashar Brazil a 740 ba. Abin da na rubuta shi ne: Fotugis, sharhin wasa, mai yiwuwa Bahia. Na ci gaba da tsare mitar dare bayan dare, sai a na goma sha ɗaya aka faɗi sunan ƙarara, sannan na soke “mai yiwuwa”.

Ku riƙe wannan da kyau, ƙannena, domin kunne yana da son zuciya. In ka riga ka karanta sunan da kake fata, ka saurari hayaniya sau ashirin, wallahi za ka ji shi ko babu shi. Maganin abin shi ne ka saurara kafin ka buɗe littafi, ka rubuta abin da ya shiga kunnenka yadda ya shiga, ko da guntun kalma ne. Sannan ka yanko wurin ka tura wa wani ba tare da ka gaya masa abin da kake zato ba. A littafina matsayi uku ne kawai: tabbas, mai yiwuwa, ban gane ba. Na ukun ya fi sauran yawa, ban kuma taɓa jin kunyarsa ba.

Akwai alamomin da mu muka fi wasu iya karantawa. Yawancin tashoshin ƙasashen Larabawa suna sa kiran salla a kan lokacin babban birninsu. In ka ji kiran asuba a wata mita alhali a nan dare bai raba sosai ba, ka san tashar tana gabas da kai, kuma tazarar lokacin za ta nuna maka kimanin nisan. Alƙahira da Umdurman suna riga mu, Nuwakshot tana bayanmu. Wanda ya yi karatun allo da na littattafai, ko ya zauna da mutanen Sudan da Chadi, yakan bambance Larabcin Masar da na Magrib cikin jimla biyu. Wannan jari ne da Bature mai eriyar kilomita guda a dajin arewacin Finland zai so a ce yana da shi. Amma alama alama ce, tana kai ka ƙofar gida ne, ba ta faɗa maka sunan mai gidan.

Ku kuma yi hattara da tashar bogi da na'urarku ke haifarwa da kanta. In akwai tasha mai ƙarfi kusa da kai, takan cika wa rediyo ciki har ya amayar da ita a wani wuri, musamman a ninkin mitarta. Mai zaune kusa da tashar da ke 594, alal misali, yana iya jin ta a 1188, ya ɗauka ya kamo wata ƙasa. Ka rage ƙarfin da ke shiga na'urar. In muryar ta ɓace ɗif lokaci ɗaya alhali maƙwabtanta sun ɗan rage ne kawai, to a cikin akwatinka aka haife ta. Haka nan rediyoyin da mutane ke buɗewa a intanet, irin su KiwiSDR, suna da amfani wajen gwada abin da ka ji da abin da ake ji a kusa da tashar. Sai dai abin da ka ji ta rediyon wani a Sifen, a Sifen aka ji shi, kada ya shiga littafinka a matsayin kamun Katsina. Kuma mu tashoshin watsa shirye-shirye muke bi. In kunnenka ya faɗa kan maganar jiragen sama ko ta jami'an tsaro, ka wuce, kada ka naɗa balle ka yaɗa.

Bayan bita sai shara, kuma nan ne hannu ke nauyi. Ka yanki wurin da ke da amfani, minti ɗaya ko biyu, ka adana shi a ƙaramin fayil na sauti, ka kwafe shi a wuri biyu da ba sa ɗaki ɗaya. Babban fayil ɗin ka ba shi wa'adi; ni kwana bakwai nake ba shi, in sun cika in goge, ko na gama da shi ko ban gama ba. In na ga bashin bita ya kai dare uku, na'ura ba ta sake kwana a kunne sai na biya. A shekara nakan bar dare biyu ko uku cikakku, waɗanda sama ta buɗe a cikinsu fiye da kima, don watarana wata manhaja ko wani kunnen da ya fi nawa zai iya tono abin da na tsallake.

Ƴan guntayen nan da kuke adanawa kada ku raina su. Tashoshi suna mutuwa a gaban idonmu. Deutsche Welle ta rufe tasharta ta Kigali a 2015, a ƙarshen 2015 ɗin kuma gidajen rediyon gwamnatin Jamus da na Faransa suka sauka daga matsakaicin zango. A Brazil tun 2013 aka buɗe wa tashoshi hanyar ƙaura zuwa FM, suna ta tafiya. Taken buɗe tasha, da muryar mai sanarwa yana sallama da tsakar dare, da yadda ake faɗin mita da sunan gari, sau da yawa ba wanda ya ajiye su sai wani mai saurare a ɗakinsa. Ku naɗi namu na gida ma, na Kaduna da Yamai da Njamena, ko da ba su da nisa. Kuma in za ka rubuta wa tasha don neman katin shaidar saurare da ake kira QSL, wannan guntun sautin da kwanan wata da lokaci na gaskiya su ne hujjarka.

Kada ku manta dalilin da ya sa aka bar wa na'ura gadin tun farko: don ku yi barci. Na ga yaron da ya saita komai daidai, sannan ya zauna yana kallon zaren nan har asuba, ya makara salla, ya yi gyangyaɗi a aji. In ka kunna, ka yi addu'a ka kwanta. Bita kuma ka yanka mata lokaci sananne, minti arba'in ko awa ɗaya, in ya cika ka tashi ka shiga hidimar gida.

A cikin jakar “ban gane ba” ina da wani guntu mai daƙiƙa arba'in da na kama wata asubar Janairu, shekaru shida ke nan. Mace ce ke rera wani abu a hankali, ba kiɗa, cikin harshen da ban san shi ba, sai wani namiji ya fara magana, kafin ya kai ƙarshen jimlarsa rana ta taɓa sama, muryar ta narke. Na tura wa mutum biyar, kowa da abin da ya ce. Duk shekara in sanyi ya shigo nakan sa wannan mitar a jadawalin na'ura, daga biyar da rabi zuwa bakwai saura kwata, kuma ita nake fara dubawa in na dawo daga masallaci.